Shirye-Shiryen Fita Bincike a Wuraren da Babu Kwanciyar Hankali

1.0 GABATARWA

Abu ne sananne ga duk wanda ya taɓa nazarin harshe, ko adabin baka, ko tarihi, ko al'adu, cewa mafi yawan abin da muke nema ba a cikin littattafai yake ba. Yana bakin dattawa, da maroƙa, da masu sana'o'in gargajiya, da tsofaffin mata a cikin gidaje. Saboda haka ne, tun lokacin da aka fara koyar da waɗannan fannoni a jami'o'inmu, ake tura ɗalibi ya fita, ya je ƙauye, ya zauna da mutane, ya ɗauko magana daga tushenta. A shekarun baya, guzurin irin wannan ɗalibi bai wuce na'urar ɗaukar magana, da kaset, da batir, da goron gaisuwa, da wasiƙar shugaban sashe zuwa ga hakimi ba. In ya haɗa waɗannan, sai ya nufi tasha, ya sauka inda dare ya yi masa.

Al'amari ya sake tun daga 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri, ya kuma bazu a ƙasar Barno da maƙwabtanta. Daga baya ta'asar 'yan bindiga masu satar shanu da mutane ta mamaye sassan Zamfara, da Katsina, da Sakkwato, da Kaduna, da Neja. Wuraren nan kuwa su ne taskar da yawa daga cikin kare-karen harshen Hausa, da waƙoƙin fada, da tarihin tsofaffin daulolin Gobir da Zamfara da Barno. Ke nan ba za a iya cewa a daina zuwa ba, haka kuma ba za a iya ci gaba da zuwa kamar yadda aka saba ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin irin shirin da ya wajaba a kan mai bincike kafin ya shiga irin waɗannan wurare. Ra'ayin da za mu yi ƙoƙarin kafawa shi ne, haɗarin da ke cikin wannan aiki bai tsaya ga mai binciken shi kaɗai ba. Akwai wanda ya sauke shi, da wanda ya yi masa jagora, da wanda ya buɗe baki ya ba shi bayani. Shi mai bincike zai gama ya koma jami'a, su kuwa a nan za su kwana. Duk shirin da bai sa waɗannan mutane a lissafi ba, to, rabin shiri ne.

2.0 DARASI DAGA MATAFIYAN DA

Kafin mu zo ga namu zamani, yana da kyau mu waiwayi wani misali da manazarta tarihin ƙasar Hausa suka sani sarai. A 1850 Turawa uku, watau James Richardson, da Adolf Overweg, da Heinrich Barth, suka taso daga Tarabulus suka ratso hamada. Richardson ya mutu a 1851 kafin ya isa Kukawa, Overweg kuma ya mutu a 1852 a gefen Tafkin Chadi, dukkansu ta hanyar ciwo. Eduard Vogel, wanda aka turo daga baya, ya shiga ƙasar Wadai aka kashe shi a 1856. Barth ne kaɗai ya koma gida a 1855, bayan ya ga Kano, da Kukawa, da Sakkwato, da Tambutu.

Babu shakka akwai rabon kwana a cikin wannan. Amma akwai kuma dabara. Barth ya iya Larabci tun kafin ya taso, ya kuma koyi Hausa da Barbarci a hanya, ya ɗauki sunan Abdulkarim, kuma yakan nemi wasiƙar wani babba kafin ya shiga ƙasar wani. Da ya isa Tambutu a 1853, masu mulkin Masina da ke Hamdallahi ba su so zamansa ba, sai Shaihu Ahmad al-Bakkay ya tsaya masa, ya ƙi ba da shi, har ya fita lafiya a 1854. Abin lura a nan shi ne, tsirar da baƙon ya yi ta jawo wa mai masaukinsa saɓani da masu iko. Watau tun a wancan zamani, ran baƙo a hannun mai masauki yake, nauyin kuma a wuyan mai masauki yake sauka.

3.0 IRE-IREN HAƊARIN

Za mu iya kasa haɗarin da mai bincike yake fuskanta gida uku.

Na farko shi ne haɗarin hanya da na daji, watau kwanton ɓauna, da nakiyar da ake binnewa a kan hanya, da satar mutane don neman fansa. A watan Yuli na 2017, wata tawagar masana ilmin ma'adinai daga Jami'ar Maiduguri, waɗanda ke aikin neman mai tare da kamfanin NNPC, ta faɗa cikin kwanton ɓauna a yankin Magumeri. An kashe mutane da yawa, ciki har da sojoji, da 'yan ƙato-da-gora, da ma'aikatan jami'ar. An kuma tafi da ma'aikatan jami'a uku, waɗanda ba a sako su ba sai a watan Fabrairu na 2018. Wannan tawaga ba ta fita babu rakiya ba, da sojoji ta fita.

Na biyu shi ne haɗarin zargi. A inda ake yaƙi, duk mai yawan tambaya abin tuhuma ne, kuma tuhumar tana iya fitowa daga kowane ɓangare. Giulio Regeni, ɗan ƙasar Italiya, ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Kambirij, yana bincike ne a kan ƙungiyoyin 'yan ƙwadago masu zaman kansu a Alƙahira. Ya ɓace ranar 25 ga Janairu, 2016, aka tsinci gawarsa ranar 3 ga Fabrairu da alamun azabtarwa. Daga baya masu gabatar da ƙara na Italiya suka tuhumi jami'an tsaron Masar huɗu, gwamnatin Masar kuwa ta musanta cewa tana da hannu. Babu harsashi ko nakiya a wannan labari, batun binciken ne ya zama haɗari.

Na uku shi ne haɗarin da ke faɗa wa mutanen gari, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A watan Nuwamba na 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari kisan gilla a gonakin Koshebe, aka yi jana'izar mutum 43 a rana ɗaya. Ɓangaren Abubakar Shekau, da ya ɗauki alhakin kisan, ya ce ramuwa ce don manoman sun kama ɗayansu sun miƙa wa sojoji. Ba mai bincike ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna mana farashin da talaka ke biya idan aka zarge shi da kai rahoto. Haka abin yake a yammacin Arewa, inda wanda aka kira da sunan mai kai rahoto ba ya tsira a wurin 'yan bindiga, ba ya kuma tsira a wurin 'yan sa-kai. Mutumin da aka gani zaune da baƙo mai riƙe da na'ura da littafi yana iya shiga wannan zargi bayan baƙon ya tafi.

4.0 SHIRI KAFIN FITA

4.1 Tambayar Farko

Tambayar da ya kamata mai bincike da malamin da ke duba aikinsa su fara amsawa ita ce, shin dole ne sai an je wurin? Rikici ya kori dubban mutane daga ƙauyukansu zuwa Maiduguri, da Gusau, da garin Katsina, wasu ma sun tsallaka zuwa jihohin Maraɗi da Diffa a Jamhuriyar Nijar. Mai nazarin karin harshe, ko tatsuniya, ko kirarin maharba, zai iya samun tsofaffin da yake nema a cikin waɗannan 'yan gudun hijira. Sai dai ya wajaba ya faɗa a cikin kundinsa cewa a gudun hijira ya same su, domin zaman birni yana taɓa harshe, kuma wanda ya baro gidansa a guje yana tuna garinsu ne ta wata fuska dabam. Idan kuwa abin da ake nema ba ya ɗaukuwa, kamar kufai, ko ganuwa, ko wurin tsafi, to, sai a auna amfanin zuwa da abin da za a iya rasawa. Wani lokaci amsar ita ce a sake batun binciken. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4.2 Sanin Halin Wuri

Labarin jarida da na rediyo ba ya wadatarwa, domin yana zuwa ne bayan abu ya riga ya faru, kuma yana maganar jiha ko ƙaramar hukuma gaba ɗaya, alhali ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka za su iya bambanta ƙwarai. Waɗanda suka fi sanin halin hanya su ne direbobin tasha, da fatake masu cin kasuwannin ƙauye, da malaman firamare, da ma'aikatan asibitin karkara. A tambaye su, a kuma sake tambaya a safiyar ranar tafiya, domin labarin makon jiya ya tsufa.

Haka nan ya kamata a san dokokin da hukuma ta kafa a wurin, saboda sukan sauya ba tare da dogon gargaɗi ba. Bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013, an katse layukan wayar hannu a Barno na tsawon watanni. An yi irin wannan a Zamfara a watan Satumba na 2021, aka kuma haɗa da rufe kasuwannin mako da taƙaita hawan babur. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, an rufe iyakar ƙasashen biyu, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya ɗora shirinsa a kan cewa waya za ta shiga, ko zai sami ɗan acaɓa, ko zai tsallaka iyaka ya dawo, ya gina ne a kan yashi.

Lokacin tafiya ma abin lissafi ne. A watan Fabrairu na 2020, matafiyan da suka iske an rufe shingen shiga Maiduguri da yamma sun kwana a garin Auno, aka kai musu hari cikin dare, aka kashe kimanin mutum 30. Ƙa'idar da muke ba ɗalibanmu ita ce, kada a yi sammako irin na asuba, kada kuma la'asar ta yi wa mutum a hanya. Sa'an nan kada a mayar da rana ɗaya da mota ɗaya al'ada, har kowa ya san ran da baƙon yake wucewa.

4.3 Mai Masauki da Jagora

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Tsarin da aka gada, na bi ta hannun hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, har yanzu shi ne ƙofar shiga, kuma wanda ya tsallake shi ya jawo wa kansa zargi tun daga ranar farko. Amma a wurin da ake rikici, ba a samun mutumin da kowa ya yarda da shi. Wanda ya sauka a gidan shugaban 'yan sa-kai ya rufe wa kansa ƙofar rugar Fulani. Wanda aka gani yana yawan shiga ruga, mutanen gari za su sa masa ido. Saboda haka zaɓen mai masauki ba al'amarin neman wurin kwana ba ne kawai, shi ne zai yanke irin bayanin da za a samu da irin wanda ba za a samu ba. Sau da yawa limami, ko tsohon malamin makaranta, ya fi zama tsaka-tsaki.

Wajibi ne a gaya wa mai masauki gaskiyar abin da aka zo yi, da wanda ya ba da kuɗin aikin, da inda bayanin zai ƙare, domin ya san abin da yake ɗauka kafin ya ɗauka. In ya ce a dakata, a dakata. In ya ce a tafi yau, a tafi yau, ba sai an nemi dalili ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jagora da tafinta kuwa a yi ciniki da su tun farko, a biya su haƙƙinsu, kada kuma a tura su inda mai binciken da kansa yake tsoron zuwa. Wannan ɗabi'a ta tura ƙaramin mataimaki cikin daji, alhali mai aikin yana zaune a masauki a birni, ba ta dace da mai ilmi ba.

4.4 Takardu da Rakiya

Mai bincike ya riƙe katin shaidarsa na jami'a da wasiƙar gabatarwa, da Turanci da Hausa, mai bayyana batun binciken da kalmomi masu sauƙi. Ya sanar da jami'an tsaron yankin zuwansa, domin kada su fara jin labarinsa daga bakin wani. Amma sanarwa dabam, neman rakiya dabam. Abin da ya faru a Magumeri ya nuna cewa ayarin sojoji shi kansa abin hari ne. Bugu da ƙari, babu talakan da zai saki jiki ya yi magana alhali mai bindiga yana tsaye a ƙofar zaure, kuma bayan an tafi za a ce da shi ya yi hira da mutanen gwamnati. A ganinmu, ga mai nazarin harshe da al'adu, wurin da ba ya shiguwa sai da rakiyar bindiga wuri ne da bai kamata a shiga ba tukuna.

4.5 Wanda Ke Jira a Gida

Kafin tashi, a bar wa mutum ɗaya amintacce cikakken tsarin tafiyar: hanya, da masauki, da ranar dawowa, da lokacin da za a riƙa kira kowace rana. A kuma yi yarjejeniya a kan abin da zai yi in lokacin ya wuce bai ji kira ba, da wanda zai fara sanarwa. Kada a manta da ciwo, domin kamar yadda muka gani, shi ya kashe biyu daga cikin abokan tafiyar Barth. A wuraren da ma'aikatan lafiya suka gudu, zazzaɓin cizon sauro ko gudawa sun isa su kayar da mutum. A tafi da magani, da gidan sauro, da abin tsarkake ruwa.

5.0 AMANAR BAYANI

Maganar da aka ɗauka a na'ura tana rayuwa bayan mai bincike ya manta da ita. Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na Kwalejin Boston a Amurka. Daga 2001 zuwa 2006 an ɗauki hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ailan ta Arewa, bisa alkawarin ba za a fitar da maganar kowa ba sai bayan mutuwarsa. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi waɗannan faya-fayai ta hannun kotun Amurka, aka kuwa tilasta wa kwalejin ta miƙa wasu. Alkawarin da masu bincike suka ɗauka ya fi ƙarfin abin da doka ta ba su ikon cikawa.

Mu ma nan ba mu kuɓuta daga irin wannan ba. Dokar hana ta'addanci ta Nijeriya, wadda aka fara kafawa a 2011 aka sabunta a 2022, ta tanadi hukunci ga mai ɓoye bayanin da ya shafi aikin ta'addanci, kuma tun a ƙarshen 2021 kotu ta sa 'yan bindigar daji cikin jerin 'yan ta'adda. A ɗaya gefen kuma, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanin wani. Abin da ya fi zama lafiya shi ne kada mai bincike ya tara abin da ba ya bukata. Wanda ya zo nazarin waƙar noma ba ruwansa da tambayar wa ke kai wa 'yan daji abinci. In mai ba da bayani ya karkata zuwa can, a kashe na'ura.

Daga nan sai waɗannan matakai:

(a) A nemi yardar mutum da baki, cikin harshensa. Sa hannu ko dangwala yatsa a takarda yana firgita mutane, kuma takardar da ke ɗauke da sunaye ita kanta haɗari ce in ta faɗa hannun wani a shingen hanya.

(b) A sa wa kowane mai ba da bayani lamba a maimakon suna, a ajiye jerin sunayen na gaskiya a gida, kada a yi yawo da shi.

(c) A kulle na'ura da wayar hannu da kalmar sirri, a riƙa kwashe abin da aka ɗauka da zarar an dawo gari, a goge shi daga abin da ake yawo da shi.

(d) Kada a ɗauki hoton fuska, ko na shingen tsaro, ko na barikin soja.

(e) Kada a yi hira a bainar jama'a, kada kuma a riƙa komawa gida ɗaya kullum.

Akwai wata al'ada tamu da ta kamata a sake dubawa. Mun saba a ƙarshen kowane kundi ɗalibi ya jera sunayen waɗanda ya yi hira da su, da shekarunsu, da unguwarsu, da ranar hirar, kuma masu jarrabawa sukan rage maki in babu wannan. A zaman lafiya wannan girmamawa ce ga masu ilmin, hujja ce kuma ga mai binciken. A yankin rikici kuwa, musamman da yake ana ɗora kundaye a intanet, jerin nan yana iya zama jagora ga mai neman wanda zai cutar. Muna ganin ya kamata sassa su yarda a ɓoye sunaye a irin waɗannan kundaye, a bar jerin na gaskiya a hannun mai duba aikin shi kaɗai.

6.0 NAUYIN DA KE KAN JAMI'A

Ba daidai ba ne a bar wannan shiri duka a wuyan ɗalibi, wanda idonsa ke kan ranar kammala karatu, kuma yake jin nauyin ya ce da malaminsa yana tsoro. Muna ba da shawarar abubuwa huɗu. Na ɗaya, kada a amince da tsarin binciken da zai kai ɗalibi yankin rikici sai ya haɗo da bayanin haɗarin da yadda zai kauce masa. Na biyu, a sa wannan batu cikin darasin dabarun bincike. Na uku, a ba da damar sauya batu ko ƙarin lokaci ba tare da ɗalibi ya yi asara ba, in hali ya ɓaci bayan ya fara. Na huɗu, a kula da wanda ya dawo. Mutumin da ya yi wata uku yana sauraron labarin kisa da fyaɗe daga bakin waɗanda abin ya shafa, sa'an nan ya zauna yana maimaita sauraron muryoyinsu don ya rubuta, yana bukatar wanda zai zanta da shi. A lura kuma cewa ɗan asalin yanki ba lalle ne ya fi baƙo tsira ba. An san gidansu, an san danginsa, kuma albashin da ake zaton yana ɗauka ya isa ya sa a yi sha'awar sace shi.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa shirin fita bincike a wurin da babu kwanciyar hankali ana yin mafi yawansa ne tun ana gida, kuma ma'auninsa ba dawowar mai binciken lafiya kaɗai ba ne. Dole a haɗa da tambayar, wane hali aka baro mai masauki, da jagora, da tsohon da ya ba da labari? Dattawan da ke riƙe da wannan ilmi suna ƙarewa, rikici kuma yana warwatsa garuruwansu, saboda haka bukatar a rubuta abin da suka sani ta fi ta kowane lokaci. Amma idan zuwan mai bincike ɗaya ya jawo wa gida ɗaya masifa, ƙofar garin ta rufe ke nan ga duk wanda zai zo bayansa. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman waɗanda ke koyarwa a jami'o'in da ke cikin waɗannan yankuna, za su ƙara mana da abin da suka gani da idonsu, domin a kai ga tsara ƙa'idojin da sassanmu za su yi aiki da su baki ɗaya.